Dogon sojan yumɓu da ƙasar Kurugu

Ni maginiyar tukwane ce, 'yar maginiya, jikar maginiya. Hannuna ya san tulu da randa da kasko tun ban iya ɗaura zane ya zauna ba. Amma abin da matan ƙauyenmu, can gefen Rogo, suka daɗe suna tsokanata da shi ba tukunya ba ne. Sojoji ne 'yan mitsi-mitsi, tsawon ɗan yatsa, waɗanda na yi shekaru ina gasa wa maigidana a tsakanin tukwanena. In na je ɗiban ruwa sai wata ta ce, "Matar Kofur, yaya dakarunki, sun karya kumallo?" Ni kuwa bakina ba ya kwana da bashin magana, sai in ce sun fi mijinta amfani, tunda su ba sa cin tuwo.

A zamanin Turawa ne, bayan an gama yaƙin Bama. Maigida ya dawo da muƙamin kofur, da akwatin ƙarfe, da wani shiru da bai tafi da shi ba. Ya koma gonarsa ta gero da gyaɗa, bai nemi kowa da faɗa ba, bai kuma ba kowa labarin yaƙi ba. Wata rana da rani ina cuɗa yumɓu ya tsuguna kusa da ni ya gutsiri kaɗan, ya yi ta murzawa a tafin hannunsa. Kafin in ankara ya fitar da mutum, da malafa a kai da jaka a baya. Na yi dariya na ce ashe yarinta ce aka koya musu a can. Washegari ya gutsiri wani.

Ban taɓa ganin mutum mai haƙuri da ƙaramin abu kamarsa ba. Da tsinke yake fitar da ɗamara da aljihu. In na gasa, sai ya zauna fenti. Koren kayan soja daga shuni da rawaya yake haɗa shi, ya yi ta ƙara wannan yana rage wancan a cikin sakaina har ya dace da abin da idonsa ya riƙe. Takalma gawayi ne da ƙaro. Sojojin Japan kuwa farar ƙasa da ɗan makuba yake shafa musu. Abin shafawar gashin jelar akuyarmu ne ɗaure a tsinken tsintsiya, har akuyar ta koyi gudu in ta hango shi da aska. Bindigogin ƙayar aduwa ce, yana barin ɗan rami a hannun kowane soja tun yumɓu na ɗanye, bayan gashi ya soka.

Da labari ya kai kunnen liman, da kansa ya zo. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da gona da gajiya, sai ya ce, "Kofur, na ji an ce ka fara tara gumaka a zaure." Maigida ya kawo su a faifai ya ajiye a gabansa. Liman ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya daɗe yana kallo, ina jin shi ma aikin ya burge shi, ya dai ƙi nunawa. Daga ƙarshe ya ce in ba yadda za a yi, to kada a sa musu ido, ko hanci, ko baki. Maigida ya ce ya ji ya karɓa. Tun daga ranar fuskokinsu shafaffu ne kamar ƙwai.

Na tambaye shi yadda zai gane wane da wane tunda ba fuska. Ashe ba sojoji ba ne kawai a wurinsa. Mutane goma ne da ya shugabanta a daji, kowanne da ƙirarsa, wannan gajere mai ƙirji, wancan mai gwame. Kuma kowanne yana tsaye a kan ɗan faifai na yumɓu, faɗin kwabo, don kada ya faɗi. A nan al'adarsa take, wadda ba wanda ya koya masa. Ba ya yin faifan soja sai da ƙasar ƙofar gidan mutumin. Zai je ya gaisa, ya ɗebo cikin hannu guda, in tankaɗe masa, a cuɗa da yumɓuna, sannan a haɗa da ƙafafun sojan a gasa su tare. Na sha yi masa mita cewa ƙasar Unguwar Hajji yashi ne da ita, tana tsaga mini aiki. Ya ce in tsage ne a sake, mutum dai a kan ƙasarsu zai tsaya.

Shida daga cikin goman sun dawo da ransu, waɗannan ba wuya. Huɗu ba su dawo ba. Gidajen uku ya taka da ƙafarsa ya yi ta'aziyya, har da wanda ya kai shi kwana biyu a hanya cikin ƙasar Zazzau. Saura ɗaya, wani dogo mutumin Kurugu, wanda in ka hau jaki da asuba kana isa gidansu kafin la'asar. Wannan ya gina shi tun farko, ya ma fi sauran kyau, amma ba faifai, ba gashi, ba fenti. Ɗanyen yumɓu ne busasshe, launin toka, yana kwana cikin auduga a ƙoƙo. Tunda ba ya iya tsayuwa da kansa, sai maigida ya ɗauke mini dutsen da nake goge tukwane da shi, wani sumul da na gada wurin kakata, yake jingina shi. Shekara uku ina cigiyar dutsena a gidana, ina kallonsa.

Duk ranar Lahadi amininsa yakan zo a kan keke daga Karaye. Tare suka yi yaƙin, da suka dawo shi ya samu aikin masinja a ofishin hakimi. Sai su fitar da wani tsohon ƙyaure su ɗora a kan turmi biyu a zaure, su zuba yashi su yi tudu da kwari. Tsumman shuni ne kogi, ganyen tsamiya a kan tsinke shi ne daji. Kowane soja yana tafiya tsawon kara guda da suka yanke daidai taƙi. In za a yi harbi sai a watsa ɓawon gyaɗa guda huɗu. In uku suka faɗi a buɗe, harsashi ya samu, a kwantar da wanda aka nufa. Ba ko anini a ciki, don haka liman bai samu ta cewa ba. Masinja ne kullum ke riƙe da Japan, kullum kuma sai ya yi ƙorafi cewa shi Bakano ne gaba da baya, bai ga abin da ya yi aka mai da shi haka ba.

Nakan kawo musu fura in tsaya daga ƙofar ciki, wai ina jiran ƙwarya. A haka na lura cewa yaƙi ɗaya suke yi. Yashin iri ɗaya, kogin a wuri ɗaya. Maigida zai sauya komai, yau ya ɓoye mutum biyu a bayan tudu, gobe ya zagaya da uku ta hagu, amma dogon nan shi ne kullum na farko a bakin ruwa, jingine da dutsena. In ɓawon gyaɗa ya kayar da shi, maigida ya yi shiru har a tashi. In kuma ya ƙetare lafiya, abin ya fi muni, don ranar ko tuwon dare ba ya ci.

Wata Lahadi maigida ya zagaya yin alwala, na tare masinja da tambaya. Ya kalli ƙofa, ya rage murya.

"Uwargida, ki riƙe a cikinki. Kofur ne ya ja yaron nan shiga soja. A gaban uwarsa ya dafa ƙirji ya ce shi zai dawo mata da shi. Ranar da za mu ƙetare kogin ana neman wanda zai fara shiga da igiya, Kofur ya ce dogo ya shiga, ruwa ba zai shanye shi ba. Yana tsakiya suka buɗe wuta. Ko hularsa ba mu gani ba."

Na ce, "Uwar ta sani?"

Ya ce, "Takardar rasuwarsa ta zo ta hannun dagaci, ni ne ma na kai ta. Tsohuwar ta ce takarda ba ta da ido. Har yau ba ta yi sadakar uku ba, balle ta arba'in. Ta ce tana jiran wanda ya tafi da shi."

Ranar na kasa gina ko murfi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ban san wanda ya fi yawa ba. Ga tsohuwa tana jira, ga namiji da gemunsa yana tambayar ɓawon gyaɗa abin da ba zai taɓa gaya masa ba.

Ni kuwa da shegen karambani, sai na ga ai gyaran a hannuna yake. Ƙasa ƙasa ce, wa zai bambance ta Kurugu da ta bayan gidanmu in an gasa? Na bari ya tafi gona, na ɗauko dogon daga ƙoƙo, na jiƙa ƙafafunsa a hankali, na yi masa faifai mai kyau da yumɓuna. Ya tsaya cak, ba jingina. Na mayar da dutsena cikin kayan aikina ina murna, na jera sojan a inuwa tare da tukwanen da zan gasa jibi. A zatona in maigida ya gan shi tsaye a gashe, zai yi masa fenti, magana ta ƙare.

Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Ya dawo da azahar, fartanya a kafaɗa, idonsa ya faɗa a kai. Tunda aka kawo ni gidan bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, na ma fi son da ya ɗaga. Ya tsuguna, ya sa babban yatsa ya ɓanɓare faifan daga ƙafafun.

Ya ce, "Wa ya sa ki?"

Na ce, "Ba wanda ya sa ni. Na gaji da ganinsa a jingine ne, kai ma na gaji da ganinka."

Ya ce, "Ba a kan ƙasarku zai tsaya ba."

Na ce, "To ga hanyar Kurugu can, ba a toshe ta ba."

Ya kalle ni, ya gane na sani. Ya ɗauki sojan ya shige zaure, ya dawo ya buɗe kwandona ya sake ɗauke dutsen. Kwana huɗu daga gaisuwa sai gaisuwa.

A rana ta biyar na ce masa zan kai wa gwaggota tukwane a Kurugu, tana aurar da 'ya. Gaskiya ne, akwai bikin. Bai hana ni ba, bai kuma tambaye ni komai ba. Na bi ayarin mata da jakuna, na ƙulle wani tsumma a bakin zanena. Niyyata in saci ƙasar ƙofar gidan in dawo, ba tare da kowa ya gan ni ba. Har yanzu ban daddara ba ke nan.

Aka nuna mini gidan, na dangar kara ne a ƙarshen gari. Na waiga hagu da dama, na tsuguna na fara tara ƙasa a tsumma. Sai na ji murya a kaina.

"'Yar nan, in magani za ki yi mini, kin makara. Ba abin da ya rage da za a ɗauka."

Tsohuwa ce doguwa, siririya, da ƙwaryar tsaba a hannu. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na gaishe ta a tsugune, ta amsa duka, ta tambayi hanya da mutanen gida, ta sa na shiga ta ba ni ruwa. A tsakar gidan akwai ɗaki guda a rufe, an share ƙofarsa tas, fartanya rataye a jikin bango, ga zogale ya yi tsawo a gefe. Ban iya yi mata ƙarya ba. Na gaya mata ko matar wa ce ni, na gaya mata zancen sojojin yumɓu da faya-fayansu, da yaƙin kogin da ake yi da su a zaure duk Lahadi, da guda ɗaya da ya rage ba shi da abin takawa.

Ta daɗe tana tsince tsakuwa daga cikin tsabar. Can ta ce, "Yana cin abinci, mijin naki?"

Na ce, "Wata rana ya ci, Inna, wata rana ya bari."

Ta miƙo hannu ta karɓi tsumman, ta kwance shi, ta zazzage ƙasar a wurin. Ta ninke tsumman ta mayar mini.

"Ki ce masa ƙasar tana nan, ba ta zuwa ko'ina. Amma zuwa da kai ya fi aike. A nan ya tsaya ya yi mini magana, a nan zai tsaya ya ƙarasa ta. Ni ba alƙali ba ce. Ji kawai nake so in yi daga bakin wanda ya gani."

Na dawo gida hannu wofi, na same shi yana gyaran rumbu. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa masa inda na je da abin da aka ce, kalma bayan kalma. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi tun a hanya. Sai kawai ya zauna a ƙasa ya riƙe kansa. Ya tambaye ni ko ta tsufa sosai. Na ce ta tsufa, in yana da abin faɗa kada ya jira wata damina.

Bayan kwana biyu, da aka idar da sallar asuba, ya ɗaura wa jaki akumari, ya sa ƙoƙon nan a cikin jaka. Ya tsaya a ƙofar ɗakina yana gyaran murya. Mutumin da ya ƙetare teku ya shiga dajin Bama, shi ne ya ce da ni, "Ki raka ni."

Da muka isa, ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi hawa, ya durƙusa a ƙasa. Suka gaisa doguwar gaisuwa kamar ba komai. Sannan ya fara. Bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Ya faɗi kogin, da igiyar, ya ce, "Inna, ni na zaɓe shi. Akwai wasu mutum tara a wurin, ni na ce shi ya shiga." Ya faɗi yadda suka bi gaɓar ruwan har rana ta faɗi ba su same shi ba. Ina gefe ina share hawaye da bakin mayafi, ita kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Da ya gama ta ce, "Ya yi sallar asuba ranar?"

Ya ce, "Tare muka yi, shi ya ja mu."

"Ya sa wani abu a cikinsa?"

"Ya ci shinkafa. Har ya ƙara da rabin tawa."

Sai ta yi 'yar dariya, hawaye na zubo mata. Ta ce, "Shi ne. Tun yana goye ba ya ƙoshi." Ta goge fuska ta ce, "Da wani ka tura, da yau wata tsohuwar ce a zaune haka. Wa'adi ne. Laifinka guda, ɗan nan, ka bar ni ina share ɗakin nan shekara da shekaru."

Ya ce, "Ki yafe mini, Inna."

Ta ce, "Na yafe. Ina abin da aka ce ka gina?"

Ya buɗe ƙoƙon ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗaga shi kusa da idonta, ta shafa kafaɗar hagu wadda ta ɗan sauka, ta ce haka yake tafiya, kamar ubansa. Ba fuska, amma ta gane shi. Maigida ya ce in ta yarda zai ɗebi ƙasa kaɗan, a yi masa abin takawa, a gasa shi, a yi masa kaya irin na 'yan'uwansa.

Ta ce, "Sannan ya koma zaurenka ya dinga shiga kogin nan duk mako? A'a. Ya shiga sau ɗaya, ya isa."

Ta juyo gare ni ta tambaye ni ko wuta ta taɓa shi. Na ce ɗanye ne. Ta tashi da ƙyar, ta je gindin zogalen nan, ta ce ɗanta ne ya dasa shi shekarar da zai tafi. Ta kwantar da sojan a wurin, ta ɗauko butarta, ta yi bisimilla ta fara zuba ruwa a hankali. Ni na san yumɓu, na san abin da zai faru, amma ban taɓa tsayawa na kalla ba. Malafar ce ta fara narkewa, sai jakar, sai kafaɗun. Kafin butar ta ƙare ba abin da ya rage sai ɗan laka mai launin toka, ƙasar Kurugu tana shanye shi. Ta sa tafin hannu ta shafe wurin.

Ta ce, "To, ya dawo gida. Ɗan nan, tashi ka kira mini liman. Gobe za a yi sadaka, kai za ka tsaya a kai."

Muka kwana biyu a garin. Shi ya raba waina da gumba a ƙofar gida, mutane na yi masa ta'aziyya kamar ɗan gidan. Daga shekarar, duk kaka sai ya kai mata damin gero da kansa, har Allah ya karɓi ranta.

Lahadin da ta biyo baya masinja ya zo a kan kekensa. Na kai fura na tsaya a inda na saba. Aka ɗora ƙyaure, aka zuba yashi. Maigida ya ɗauki tsumman shunin ya juya shi a hannu, sai ya cusa a aljihu. Ya tara yashin ya yi tudu guda a tsakiya, ya ce yau a kan dutse za a yi, kuma shi zai riƙe Japan. Masinja ya ce alhamdu lillahi, yau an mayar da shi ƙasarsu. Kafin la'asar ya kwantar wa maigida mutanensa kaf, maigida na ta zargin ɓawon gyaɗa da son kai, suna dariya har akuyar ta leƙo.

Da baƙon ya tafi, ina zaune ina gina tulu, ya zo ya tsaya a kaina. Ya ajiye wani abu a gefen cinyata.

Ya ce, "Ga dutsenki."

Na ɗauka na juya shi. Shekara uku ke nan ina masifa a kansa. Na tsoma shi a ruwa na ci gaba da goge tulun, shi kuma ya zauna ya tambaye ni ko akwai sauran tuwo.